Wayar bateri na zafi idan na kunna dutsen guga, ina neman shawara

Tela daga Zango: Salamu alaikum ƴan'uwa. Ina da panno na hasken rana da bateri mai volt 12, amper 100, da inbata (na'urar da ke mai da wutar bateri volt 220) mai wat 1500 a shagona. Keke da ampul suna aiki lafiya. Amma da na jona dutsen guga sai inbata ta yi ƙara ta mutu, wayar da ta fito daga bateri kuma ta yi zafi har robarta ta yi laushi tana wari. A ƙarƙashin dutsen an rubuta 220V, 1100W. Wayar mai lamba 2,5 ce (lambar kaurinta ke nan), tsawonta mita 3. Salla ta matso, ɗinkin mutane ya taru. Yaya ake wannan lissafin?

Malamin fizik a lise: Wa alaikumus salam Malam. Ƙa'ida biyu ce. Wat shi ne volt sau amper. Turjiya kuma, wato yadda abu ke tare wa wuta hanya, wadda ake aunawa da om, ita ce volt raba amper. Wannan ita ce dokar da Bajamushe Georg Ohm ya fitar a 1827. A kuran na gari, 1100 raba 220 ya ba ka amper 5, turjiyar dutsen kuma 220 raba 5, om 44. Amper 5 ba ya damun waya mai 2,5.

To amma bateri volt 12 kawai yake bayarwa. Kafin ya kawo wat 1100 ɗin nan, sai ya tura 1100 raba 12, kusan amper 92, ban da abin da inbata ke ci. Waya mai 2,5 ta jan ƙarfe tana da kusan om 0,007 a kowace mita. Zuwa da dawowa mita 6 ke nan, om 0,042. Ka ninka da 92, kusan volt 4 sun zube a hanya, saura 8 ke isa inbata, ita kuwa yawanci tana yankewa da zarar an sauka ƙasa da 10,5. Volt 4 ɗin nan sau amper 92, wat 350 da ƴan kai, duk zafi ne a cikin wayarka.

Mai gyaran wuta, Sabon Gari: Maigida, don Allah ka cire dutsen nan yau, shago cike da yadi da soso ba wurin wasa da wuta ba ne. Ka matso da inbata gindin bateri, ƙasa da mita ɗaya, ka sa waya mai 25 ko 35, da fiyus a kan jar wayar. Idan za ka saya a Kasuwar Dole ka kankare bakinta ka gani, akwai alminiyom da aka shafa wa launin jan ƙarfe.

Wata mai ɗinki, Birni: Yaya, ko an gyara waya baterin ba zai kai ka ko'ina ba. 12 sau 100, wat 1200 ne na awa ɗaya, kuma bateri mai ruwa rabinsa ake ci idan ana so ya daɗe. Guga ta wajen rabin awa ke nan. Ni idan wuta ta ɗauke na gawayi nake hurawa, in bar wa keke baterin.

Tela daga Zango: Allah ya saka da alheri. Na cire dutsen. Mai gyara, fiyus mai amper nawa zan tambaya?

Mai gyaran wuta, Sabon Gari: Da waya mai 35, ka nemi na amper 125.