Yaron da ya kai aji huɗu bai iya karatu ba: me kuka yi da naku?

Malamar aji huɗu: Assalamu alaikum malamai da iyaye. Ina da yara a ajina, littafinsu tsaf, rubutu kamar na manya, amma in na ce su karanta abin da suka kwafa sai su yi tsuru-tsuru. In ana karatun tare kuwa, baki kawai suke motsawa suna bin muryar sauran. Rahoton da Bankin Duniya da UNICEF suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta gajeren labari su gane shi, don haka na san ba ni kaɗai ba ce. Duk wanda ya yi fama da wannan ya taimaka ya faɗi abin da ya gwada da kansa.

Tsohon malamin firamare: Wa alaikumus salam Malama. Ki fara da sanin inda kowane yaro ya tsaya. Ni takarda ɗaya na shirya: haruffa a sama, sai kalmomi, sai gajeren sakin layi, sai ɗan labari. Ina kiransu ɗaya-ɗaya, nesa da kunnen 'yan aji, inda yaro ya cije nan ne matakinsa. Daga nan na raba su rukuni-rukuni, awa ɗaya kullum kowa na aiki a matakinsa. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yi fice da wannan tsari. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne kunya. Akwai wani dogon yaro da ya faɗa rukunin haruffa, ranar farko ya kife kai a tebur ya ƙi ɗagowa. Sai na sa wa rukunonin sunayen launuka, na kuma damƙa masa katunan haruffa ya riƙa rabawa. Ranar da ya haɗa baƙi ya karanta kalma da kansa, sai da ya sake karantawa don bai yarda ba. Ki riƙa maimaita gwajin, wanda ya wuce ya matsa gaba. Manhaja za ta ɗan ja baya, wannan ki sanar da shugaban makaranta tun da wuri.

Wata uwa: Don Allah ku duba idanunsu ma. 'Yata an daɗe ana ce mata mai wasa. Sai na lura tana runtse ido tana karkata kai in za ta kalli abu daga nesa, ashe daga littafin yarinyar da ke kusa da ita take kwafa, allon ba ta ganinsa. Tabarau aka ba ta, malaminta ya dawo da ita gaba. A duba kunne kuma.

Sabon malami: Baba, gwajin ɗaya-ɗaya a ajin da ya cika maƙil, ni kaɗai? Ya zan yi da sauran?

Tsohon malamin firamare: Kaɗan-kaɗan ɗana, yara biyar a rana ma ya isa. Sauran ka haɗa su bibbiyu, mai iyawa da mai bi masa. Ka dai zaɓi masu haƙuri, don wani yaron ya fi babba gori.

Malamar aji uku: Ni abin da ya canza ajina shi ne jira. Binciken masaniyar ilimi Mary Budd Rowe a Amurka ya nuna malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan tambaya, kuma in suka kai daƙiƙa uku amsoshin yara kan ƙara tsawo, masu amsawa su ƙaru. Yanzu nakan yi tambaya in hana ɗaga hannu, in ƙirga a zuci. Na kuma hana dariya in wani ya yi kuskure, bulala kuwa ba ta shiga darasin karatu. Yaron da gabansa ke faɗuwa ba ya iya riƙe harafi a kai.

Wani uba: Nawa barci ne ya yi masa ƙaranci. Likitoci na cewa ɗan shekara 6 zuwa 12 na bukatar awa 9 zuwa 12. Na karɓe wayar da dare, kafin ya kwanta ya karanta mini layi biyu ko uku, in ya cije in bar shi ya lalubo kafin in sa baki. Malaminsa ya ce ya daina gyangyaɗi a darasin farko.