Shanyewar ɓarin jiki: waɗanda suka yi jinya, me kuka gani?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Mahaifina ya tashi daga barci baki a karkace, hannun dama ya ƙi ɗaguwa. An sallamo mu da tarin magunguna. Waɗanda suka yi jinyar mai wannan lalura, ku ba mu labari.

Ɗan Auta: Allah ya ba Baba lafiya, Yaya. Mu da Mama ta faɗi ba mu tsaya shafe-shafe ba, sai asibiti. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna gudan jini ne ya toshe jijiya, aka yi mata allurar alteplase mai narkar da shi. Likitan ya ce gwajin magani mai suna NINDS da aka yi a Amurka ya nuna a 1995 cewa tana da amfani in an yi ta cikin awa 3 da farawar ciwon, wani gwajin kuma mai suna ECASS III a 2008 ya ƙara wa'adin zuwa awa 4 da rabi. Yanzu da ƙafarta take zuwa ko'ina.

Anti Nas: Ɗan Auta, kun kyauta. Abin da ke ƙona min rai a wurin aiki shi ne a ɗura wa mara lafiya asfirin a gida kafin hoto. Wani ai jijiya ce ta fashe, asfirin ƙara zubar jinin zai yi. Ga sarƙewa, don da yawansu haɗiya ta gagare su. In toshewa ce ƙarama, gwajin CHANCE na Sin a 2013 ya nuna haɗa clopidogrel (maganin hana jini yin guda) da asfirin na kwana 21 yana rage maimaituwa, amma likita ne mai yanke wannan.

Maman Gida: 'Yar uwa, maganin hawan jinin nan ki riƙe shi da hannu biyu. Maigidana da ya ji sauƙi sai ya ajiye nasa, wai ya warke. Ta biyun ta fi muni, har magana ta tafi. Daga baya aka faɗa mana gwajin PROGRESS na 2001, inda haɗa magungunan hawan jini biyu, perindopril da indapamide, ya rage dawowar ciwon da kashi 43 cikin 100.

Ɗan Auta: Subhanallahi. Hajiya, maganar ta dawo kuwa?

Maman Gida: Kaɗan-kaɗan, da taimakon masu koyar da magana. Sunayen yara dai ya fara kamawa.