Mindar yaƙin Kano da Burmi ta faɗo hannuna, in saya ko in haƙura?

Jikan_Saje:

Salam 'yan uwa, dan Allah masu harkar tsofaffin lambobin soja ku matso ina neman shawara, kuma a yi haƙuri da tsawon rubutu.

Ni abin ya faro min ne daga akwatin kakana Allah ya jiƙansa. Tsoho ya je yaƙin Burma, shi Boma yake cewa, da ya rasu aka buɗe akwatinsa sai ga minda uku a ƙudundune cikin tsohuwar hula, taurari biyu na tagulla wato 1939-45 Star da Burma Star, sai ɗaya fara mai zagaye da kan Sarki Joji na shida, a bayanta zaki ya taka wani dodo. Akwai kuma ɗan ƙyallen kafaɗa rawaya mai baƙin gizo-gizo a tsakiya, daga baya na gane bajen runduna ta 81 ce ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka yi yaƙi a kwarin Kaladan. Ba wanda ya damu da su a gidan, har gwaggo na cewa a ba yara su yi wasa, ni kuwa na lallaɓa na sa a aljihu.

Tun daga nan sai ya zame min al'ada, duk wani abin alheri da ya same ni sai na nemo minda ɗaya na ajiye a madadinsa. Da na gama bautar ƙasa na sayi Africa Star saboda sojojinmu da suka bi Italiyawa daga Mogadishu har Habasha a 1941, da na samu aiki na sayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta Kwango, ranar ɗaurin aurena kuwa ta 'yancin kai ta 1960. Kowacce na rubuta kwanan wata a 'yar takarda na liƙa a ƙarƙashinta.

To yanzu madam ta sauka, namiji, ɗan fari, kuma wani dattijo mai sayar da kayan da ya kira ni na je na gani. Africa General Service ce ta azurfa, ƙyallenta rawaya da baƙin baki da siraran layuka kore biyu, a jikin ɗan ƙarfen sama an rubuta N. NIGERIA 1903, kuma a gefenta akwai lamba da sunan wani soja, suna irin namu sak. Wlh hannuna har rawa yake da na riƙe. Tambayata biyu ce, ya zan gane ba jabu ba ce, sannan ya dace in yi wa haihuwar ɗana alama da ita tunda na san yaƙin da aka bayar da ita a kai?

MaiTsohonKarfe:

Barka da arziki, Allah ya raya ya albarkaci rayuwarsa. Bari in ɗauki tambayar farko tunda ita ce tawa.

Fara da fuskar sarkin. An ƙirƙiro wannan minda a 1902 zamanin Edward na bakwai, mai gemu da sanƙo cikin kakin soja, kuma shi ya kamata ka gani a kan ta 1903. In ka ga Joji na biyar ko Sarauniya Elizabeth to haɗe-haɗe aka yi maka, domin an ci gaba da bayar da ita har zuwa rikicin Mau Mau na Kenya, masu wayo kan cire ƙarfen saman wata su ɗora wa wata. Duba 'yan ƙusoshin da suka riƙe ƙarfen, in sabbi ne ko an yi musu dalma ka yi hattara.

Sai rubutun gefe, nan ne kuɗin yake kuma nan ne ake cuta. Sa ta a tafin hannu ka juya ta a rana a hankali, in wajen sunan ya fi sauran gefen siranta ko ya yi santsi fiye da kima to an goge na asali ne da zarto aka buga sabo. Ka karanta sunan rundunar da kyau, a 1903 Northern Nigeria Regiment ce, ba a haɗe ta da ta kudu ta zama Nigeria Regiment ba sai 1914, kalmar Royal kuma sai 1928 aka ƙara wa WAFF, wato babbar rundunar Ingila ta Afirka ta Yamma, ta koma RWAFF. Na taɓa ganin wata da aka buga wa RWAFF a kan ƙarfen 1906, na yi dariya na miƙa wa mai ita. Abu mafi tabbas shi ne rajistar waɗanda aka ba, tana ma'ajiyar tarihin Ingila da ke Kew cikin jerin WO 100, in lamba da suna suka dace da abin da ke can magana ta ƙare.

Kuma ka lura da bambancinta da na kakanka, taurarin yaƙin duniya na biyu da Ingila ta raba ba a sa musu suna ba sam, shi ya sa in suka rabu da iyalin mai su shikenan sun zama marayu, ba mai iya cewa na wane ne.

Dan girman Allah kar ka goge ta da Brasso!! Na san mu da son abu ya yi ƙyalli. Wannan baƙi-baƙin da azurfa ke yi shi ne shekarunta, ruwan ɗumi da ɗan sabulu a tsane da tsumma mai laushi ya isa, ƙyallen ko ya koɗe a bar shi.

Basakkwace01:

Allah shi raya. Amma ɗan uwa ni gaskiya ban iya aje wanga abu cikin ɗakina balle in ce na ɗiyana ne. Ka san ko mi 1903 ka nufi gare mu? Ran 3 ga Fabrairu sunka shiga Kano, ran 15 ga Maris sunka zo Giginya ta Sakkwato da bindiga mai ruwa, mutane na tsaye da takobi da mashi. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas jama'a na bin shi gari-gari, sunka bi shi hab Burmi, ran 27 ga Yuli nan ya yi shahada shi da ɗimbin mutane. Waɗanda sunka tsira da ɗanai Mai Wurno sunka wuce har Sudan, zuriyarsu na can bakin Shuɗin Nilu har gobe. To ita wagga minda ladan wannan aiki ta. Na Burma ban da ja, kakanka ya tai yaƙi wata ƙasa ya dawo, amma wagga jinin gida na gare ta. Ka sayo ma yaro wani abu daban.

Maman_Ikram:

Ni tambayata ɗaya, an sayi ragon suna da kayan barka tukuna? 😂 Maza kenan. Allah ya ba mai jego haƙuri.

Dan_Damagaram:

Ina gaida kowa daga Zinder. Malam Basakkwace maganarka ta taɓa ni don mu ma nan muna da irin wannan miki, amma bari in faɗi abin da na gani a gidanmu. Kakan babana sojan Faransa ne, ya bar Croix de guerre da wata ta mulkin mallaka mai ƙyalle shuɗi da fari, kawuna ya ce kayan nasara ne ba ya son ganinsu, ya kai wa maƙerin farin ƙarfe. Yau ko hotonsu ba mu da, yaranmu in an ce musu kakansu ya tsallaka teku sai su ɗauka tatsuniya ce. Da aka narkar da su Faransa ba ta ji komai a jikinta ba, mu ne muka yi asara.

Kuma wanda sunansa ke gefen mindar nan ai ba Lugga ba ne ba kuma Morland kwamandan sojansa ba. Baƙin mutum ne, hafsoshi ne kawai turawa amma masu riƙe da bindigar 'yan ƙasa ne, da Hausawa da Yarabawa da sauransu, wasu bayi ne da suka gudu wasu yunwa ta kai su bariki. Wataƙila wannan gefen azurfar shi ne kaɗai wurin da sunansa ya rage a rubuce a ƙasar nan. In kai ba ka saya ba ɗayan biyu ne, ko ta zama zobe ko ta ƙare a gwanjon Landan wajen su Noonans ko Spink, a kulle ta a durowar wani da ko Burmi bai san inda take ba.

MaiTsohonKarfe:

Dan_Damagaram ka tuna min da Samanja Chari Maigumeri wanda aka sa wa barikin Lokoja sunansa. Wa Jamus ya fara yi wa soja a Kamaru har suka ba shi Iron Cross, Ingilishi suka kama shi a Garwa a 1915, ya koma cikinsu, ya zo ya samu Military Medal a yaƙin duniya na biyu ya kuma je Burma. Mutum ɗaya, lambobin abokan gaba biyu. Sojan wancan zamani in ka ce sai ka raba shi gida biyu na kirki da na banza za ka sha wahala. Amma duk da haka ina tare da Basakkwace a rabi, ajiyewa daban, yin murna da ita daban.

Basakkwace01:

To in ajiya ta don tarihi ban hana ba, amma a rubuta gaskiya ƙarƙashinta, a sa sunan Attahiru da na Burmi, ba a rataye ta falo ana yi ma baƙi alfahari ba.

Jikan_Saje:

Na gode ƙwarai jama'a, Maman_Ikram rago na ɗaure tun shekaranjiya har ya fara cin tabarmar tsakar gida, a kwantar da hankali.

Yau da safe na koma wajen dattijon da gilashin duba agogo. Edward ne da gemunsa, ƙusoshin tsofaffi ne sun yi baƙi daidai da sauran jikin, rubutun gefe kuma N. Nigeria Regt ne ba R ɗin Royal, sai dai harafi biyu na sunan sun lotsa kamar an taɓa buga ta da ƙasa. Na kwafi lambar na tura wa wani abokina da ke karatu a Ingila ya duba min rajistar, na bar wa dattijo kafin alƙalami ya riƙe min zuwa ƙarshen wata.

Maganar yaro kuwa jiya na kasa barci ina juya abin da Basakkwace ya rubuta, ba zan liƙa ranar haihuwarsa a ƙarƙashin 27 ga Yuli ba gaskiya. In ta tabbata ta gaske ce zan saye ta in ware mata nata wuri da bayanin da aka ce. Shi kuma tunda sunan tsoho za a mayar masa, ukun nan na cikin hula da gizo-gizon su ne nasa, zan kai a yi musu firam. To nan kuma wata tambayar, ƙyallen Burma Star ɗin ya zagwanye ta wajen ninki saura zare kaɗan ke riƙe da shi, in sa sabo in ajiye tsohon a bayan firam ɗin ko in bar shi haka a manna a hankali? Kuma wane irin yadi ake shimfiɗawa a ciki wanda ba zai ja danshi da damina ba?