Wace kalmar Hausa zan sa a ƙarƙashin sunana maimakon CEO?

Salam jama'a, ina neman shawara kan wata kalma, kwana uku ke nan tana min yawo a kai. Ni dai acca nake sayarwa, ina saro ta nan Jos in wanke in tsince tsakuwa in shanya in ɗaura a leda mai kilo 1 da mai kilo 2, in sa a mota zuwa Abuja wurin kwastomomina. To shekaranjiya na je wajen mai buga kati a bayan Taminus, ya ce Hajiya me za mu rubuta a ƙarƙashin sunanki, kafin in buɗe baki har ya danna CEO wai kowa shi yake sawa yanzu. Na ce masa dakata tukuna, katin nan da Hausa nake son shi, kuma ko da Turancin ne ban yarda kalmar ta dace da ni ba.

Dalilina shi ne, CEO in ka fassara shi babban jami'in zartarwa ne, wato akwai wasu jami'ai a ƙasa da shi, akwai kuma hukumar daraktoci da yake ba wa bahasi. Ni kuwa ni kaɗai ce, ni ke zuwa kasuwa ni ke ɗaga waya ni ke bin direba a tasha. Ranar da wata mai gidan abinci a Wuse ta ga CEO a kati ta ce in turo mata buhu 20 nan da jibi saboda ta ɗauka ina da ma'aikata, ranar zan ji kunya, kuma amana ce za ta taɓu.

Sai muka fara jero na Hausa ni da yayata. Ta ce Shugaba. Na ce Yaya shugaban wa? Shugaba sai da mabiya. Haka Jagora. Wani dattijo da nake sayen buhu a wurinsa a Katako ya ce ai mu da muna da Madugu, madugu uban tafiya, kuma wallahi kalmar ta yi min daɗi a kunne don ta fatake ce, ta kasuwanci ce tun asali, amma madugu ayari yake ja, shi ke tsayar da zango shi ke magana da sarakunan hanya a madadin kowa. Babu ayari babu madugu. Wanda ya tara yara goma a shagonsa ya ɗauka, halalinsa ne.

Maigida kuma a kasuwa yana aiki sosai, in ka shiga shago a Dilimi ka ce ina maigidan kowa ya san wanda kake nufi. Matsalar mu mata ce. In na rubuta Uwargida za a ɗauka maganar aure nake, Uwar ɗaki kuma sai kina da 'yan ɗaki da kike ɗawainiya da su. Sarkin pawa, sarkin aska, sarkin maƙera, waɗannan sarauta ce ana naɗawa, mutum ba ya ba kansa.

Manajan Darakta fa? Nan ne na tsaya na duba takardata ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni. Rajistar da na yi ta sunan kasuwanci ce, mai lambar BN, kuma abin da suka kira ni a ciki Proprietor ne. Darakta muƙami ne na kamfani mai lambar RC. Gaskiya ne tun da aka sa hannu a dokar kamfanoni ta CAMA a watan Agustan 2020 mutum ɗaya tal zai iya buɗe ƙaramin kamfani ya zama shi ne mai hannun jari shi ne darakta, da can sai an kai mutum biyu, saboda haka wanda ya yi irin wannan rajistar in ya rubuta Darakta bai yi ƙarya ba ko da shi kaɗai ne. Amma mai BN irina doka ba ta raba shi da kasuwancinsa ba, bashin sana'ar bashinsa ne, ribar ma tasa ce. Kun ga kenan kalmar da za ta faɗi gaskiyata dole ta zama kalmar mallaka.

Shi ya sa na tsaya a kan Mamallaki, mace Mamallakiya, jam'i Mamallaka. Daga mallaka ta fito, gininta irin na manomi da maɗinki da masaƙi ne, ba wanda zai ce bai gane ba, kuma ba ta yi alƙawarin ma'aikata ko ofis ba, abin da ta ce kawai abin nan nawa ne, in an samu tsakuwa a acca ni za a kira. Yayata ta ce ta yi nauyi a baki, ba wanda zai ce miki sannu Mamallakiya a tasha. Haka ne, ai don takarda ce, a baki muna da tamu tun kaka da kakanni, wato mai. Mai shayi, mai nama, mai goro, mai acca. Ni fa wannan ƙaramar kalmar ina ganin ba mu san darajarta ba, ita kaɗai ta haɗa mallaka da sana'a, har ta kan zama sunan zuri'a, jikoki su tashi ana ce musu 'yan gidan Mai Goro.

Abin da na ba mai bugawa jiya shi ne, sunana a sama, ƙasa da shi Mamallakiya, sai layi na uku Mai acca, Jos. Kati 200 zai buga min.

Saura Founder, ita ce har yanzu ban samu wadda ta kwanta min ba. Wanda ya kafa ya yi tsawo a kati, Mu'assasi kuma ya fi kama da na makarantar Islamiyya ko gidauniya. Na gwada Makafi sai na ga a rubuce ya zama makafi marasa gani, na bar shi. Malaman Hausa da ke nan, don Allah in akwai wadda ake amfani da ita a Kano ko Zariya ku faɗa min kafin Litinin, don ƙanwata mai turaren wuta ita ma za ta buga nata kuma Founder ta nace sai ta sa.