Ya ake gane aikatau masu "iru" da "eru" da ba sa bin ƙa'ida a Japananci?

Assalamu alaikum. Ina zangon farko na koyon Japananci a jami'a. Hiragana da katakana, wato haruffan rubutun Japananci, sun zauna mini, amma juya aikatau zuwa siffar "te" ya tsaya mini a wuya.

An koya mana cewa in aikatau ya ƙare da "iru" ko "eru", a cire "ru" a sa "te": taberu ya koma tabete, miru ya koma mite. Da wannan na shiga gwajin makon jiya, na juya kaeru zuwa kaete ina nufin komawa gida, aka zabga mini jan biro. Ashe kaette ne, nawa "canzawa" yake nufi. Haka hairu, haitte. Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne kiru: sa tufafi kite, yankawa kitte, alhali kiru ɗin biyu a hiragana rubutunsu ɗaya sak.

Furucin ba ya ba ni wahala, wanda ya san baba da babba ai zai ji bambancin. Na yi katunan hadda a manhajar Anki, na haddace guda 10, amma da na haɗu da sabon aikatau sai in koma canki-canka.

Don Allah, akwai alamar da ake gane irin su kaeru tun daga siffar ƙamus, wato yadda aikatau yake kafin a juya shi, ko dole sai haddar ɗaya bayan ɗaya?