Soson kunne da cushen ciki: me kuka gani a tsofaffin hedfon ɗinku?

Mai Faifai: 'Yan uwa, na samu Sennheiser HD 414, mai rawayan soson nan da ya fito a 1968, hedfon na farko mai buɗaɗɗen baya. Soson ya tsufa, da ka taɓa sai ya marmashe maka a yatsa. Ina sa sabo, kaifin da ke soke mini kunne ya lafa. Soso kaɗai ne ya yi wannan aiki, ko kunnena ke yaudarata?

Tsohon Kunne: Ba yaudara ba ce, Malam. A wannan samfurin soson yana tsakanin lasifika da kunnenka ne, dole ya tace siririn sauti. Nawa labarin na Koss Pro4AA ne, na 1970, wanda aka cika matashinsa da ruwa-ruwa don ya manne da kai. Shekaru sun busar da nawa ya ƙandare, bes, wato sauti mai kauri irin na ganga, ya ɓace ɓat. Sai wata rana na danna ƙoƙunan biyu da tafin hannu, na ji ganga ta dawo. Ashe iska ce ke tsiyaya ta gefe. Duk mai rufaffen hedfon ya fara da wannan gwajin kafin ya zargi lasifika. Masu tabarau ma su cire su saurara, za su sha mamaki.

'Yar Kaset: Ni Sony MDR-V6 nake da shi, na 1985. Fatar robar matashinsa ta fara ɓarewa tana bar mini baƙin ɓurɓushi a wuya, na sauya da ta karan-miski. Gumi ya ragu, amma bes ya ɗan ja baya, hayaniyar waje kuma tana shigowa. Na bar shi haka, don ni doguwar saurare nake yi.

Mai Sukundireba: Hajiya ta yi ciniki da idonta a buɗe. Wanda ya fi ba ni wahala cushen ciki ne. A Yamaha HP-1 na 1976, abin da ke fitar da sauti tantani ne siriri a tsakanin maganaɗisu biyu, bayansa akwai ƙyallen ulu da ke danne shi. In dannewar ta yi kaɗan, tantanin yana ci gaba da rawa bayan an bugi ganga, sauti ya dagule, ba ka rarrabe kiɗa da kiɗa. Na ƙara ƙyalle ɗaya, komai ya fito tas. Na ƙara na biyu, bes ya mutu murus, siririn sauti ya koma tsinin allura. Tazarar da ke tsakanin gyara da ɓarna ba ta wuce kaurin ƙyalle guda ba. Shi ya sa gefe ɗaya nake taɓawa, in sa waƙar da ke fita iri ɗaya a kunne biyu, in kwatanta.

Tsohon Kunne: Kuma a guji matashin fata mai kaurin nan da ake ta tallatawa. Na ɗora shi a AKG K240 Sextett, mai ƙananan tantani shida a kowane ƙoƙo, muryar mawaƙi ta yi nisa, bes ya cika ɗaki babu fasali. Kauri yana nisanta lasifika da kunne, ba a kuma auna hedfon ɗin a haka ba.

Mai Faifai: To ɓurɓushin tsohon soson da ya maƙale a gaban lasifikar fa?

Mai Sukundireba: Buroshi mai laushi, ka kifa hedfon ɗin ya zubo da kansa. Kada ka hura da baki, kada ka kusanto da ƙarfe, maganaɗisun zai fizge shi.