Neman kalma: me za mu kira firamwok da 301 da Hausa?

Ɗan Garwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ranar Juma'a zan miƙa fassarar wata takardar horo daga Faransanci zuwa Hausa. Matasan da ke kula da shafin intanet na wata ƙungiyar 'yan kasuwa a nan Garwa ta Kamaru ne za su karanta ta. Shafin yana kan manhajar gina shafuka ta WordPress, za a kwashe shi zuwa wata mai suna Next.js, kuma fargabar masu shi ɗaya ce: kada bayan kwasar a neme su a Google a rasa. Kalmomi uku sun gagare ni: firamwok (tsarin da ake gina shafi a kansa, irin Next.js), rediraksiyon 301 (mayar da mai ziyara daga tsohon adireshi zuwa sabo), da referansiman (yadda shafi ke bayyana wa mai nema a Google). Don Allah a taimaka.

'Yar Gaundare: Wa alaikumus salam. Referansiman a ce ganuwa a Google. Rediraksiyon kuwa turawa.

Ɗan Kusuri: Yaya, a baki lafiya lau ne, a rubuce ne ba za su yi ba. Ba ma sa alamar karin sauti. Mai karatu zai ga ganuwa ya ɗauka katangar birni ce, in kuma turawa ta faɗo a farkon jimla da babban baƙi, ta zama mutanen Turai. Ni dai "fitowa a bincike" ta fi kwanta mini.

Ɗan Garwa: Fitowa a bincike ta zauna, na rubuta. Saura biyu.

Injiniya a Injamena: Malam mai fassara, kafin a zaɓi kalma a dubi aikin abin. Tsohon adireshin shafi a WordPress yana iya ƙarewa da ?p=214, sabon kuma ya zo da sunan kaya. Google tsohon ya sani, shi mutane suka yi ta rabawa a WhatsApp. Lambar 301 ita ke gaya masa cewa shafin ya koma sabon adireshi kuma ba zai dawo ba, sai ya mayar da martabar tsohon kan sabon. Lambar 302 kuwa cewa take tafiyar ta ɗan lokaci ce. In ba a sa ko ɗaya ba, galibi 404 za a samu, wato babu shafin. Shi ya sa nake ganin a ce "ƙaura ta dindindin" da "ƙaura ta wucin gadi". Yaron da ya ji sunan ya riga ya san wadda zai zaɓa. Kuma kada a ɗaure kalmar da lamba, domin Next.js in ka ce masa dindindin, 308 yake bayarwa, Google kuma ɗaya ya ɗauke ta da 301. A ƙara a takardar cewa kowane tsohon adireshi a haɗa shi da takwaransa, kada a tattara su duka a zuba a shafin farko, kuma a bar ƙaurar aƙalla shekara guda kamar yadda Google ke ba da shawara.

Malam na Marwa: Madalla da Injiniya. Amma firamwok ɗin nan, ku bar wahalar da kanku, Hausa tana da ita tun kaka da kakanni: tsaiko. A ƙasa ake haɗa shi da gwangwala, a ɗaure tanka, a yi baibaya da shuci, sannan a ɗaga a ɗora kan ɗaki. In ya tsufa a sauke a ɗora wani, bango yana nan, kayan ɗaki suna nan. To ba shi ne aikinku ba? Fuskar da baƙo ke gani za ku sauya, bayanai su zauna inda suke.

'Yar Gaundare: Allah gafarta Malam, kalmar ta yi daɗi, amma yaran da suka tashi ƙarƙashin kwano a Garwa nawa ne suka san tsaiko? Ƙwarangwal fa?

Malam na Marwa: Ƙwarangwal na mushe ne, 'yata. In ba su san tsaiko ba, sai su koya. Ai firamwok ɗin ma ba da ita aka haife su ba. Abin da ke ci mini rai shi ne kullum mu a nan sai mu jira Kano ta yanke, ko mu ari Faransanci mu lanƙwasa. Mutanen Kebek, masu Faransanci a Kanada, sun zauna sun ƙera wa kansu kalmar kadirisiyel a madadin firamwok don kada su ari Ingilishi. Mu me ya hana mu?

Ɗan Kusuri: Malam, masu aikin a Duwala da Yawunde da Injamena firamwok suke cewa ko da Faransanci suke magana. Kuma aro ba abin kunya ba ne. A Nijeriya suna cewa ofis, mu muna cewa biro, duk Hausa ce.

Wani daga Mubi: A gaskiya a bar wa jami'o'in Nijeriya wannan aiki. Hausar tsallake ta cakuɗe da Fulatanci da Faransanci.

'Yar Gaundare: Ɗan'uwa, a Mubi ma da Fulatanci ake ciniki. Hausarmu ba ta neman izinin kowa.

Malam na Marwa: Kun gani ko? Abin da nake faɗa ke nan. Tsaiko, ba ja da baya.

Ɗan Garwa: Don girman Allah a dawo kan magana, Juma'a na matsowa.

Injiniya a Injamena: Ni damuwata ba sunan ba ne, abin da zai biyo bayansa ne. React, wanda Facebook ya saki a 2013 kuma aka gina Next.js a kansa, in aka bar shi haka nan, kusan fankon shafi yake aikowa, wayar mai karatu ce za ta haɗa sauran da harshen kwamfuta na JavaScript. Google yana iya haɗawa, amma sai ya sa shafin a layi tukuna. Facebook kuwa ba ya haɗawa, sai mahaɗin ya fito ba hoto ba bayani. Ga kuma yanayin netuwok ɗinmu da ƙananan wayoyi. Next.js, da ya fito a 2016, yana iya haɗa shafin tun daga saba, wato kwamfutar da ke ajiye shafin, ya aiko shi cikakke, to a tabbata an bi wannan hanya. Kanun shafuka da taƙaitaccen bayaninsu a kwashe su yadda suke. In shafin na da harshe biyu, a bar alamar ha ta Hausa da fr ta Faransanci. A ƙarshe a miƙa sabuwar taswirar shafi, wato jerin adireshinsa, a Search Console, dandalin Google na masu shafuka, a riƙa leƙa jerin 404. Kuma yaran nan in sun maƙale, firamwok za su rubuta a bincike su sami amsa, tsaiko ba za ta kai su ko'ina ba.

Ɗan Garwa: To ga abin da na yanke. Fitowa a bincike, ƙaura ta dindindin, ƙaura ta wucin gadi, waɗannan sun shiga. Wadda ta rage kuwa zan rubuta "firamwok, wato tsaikon shafi" a karo na farko, daga nan in ci gaba da firamwok.

Malam na Marwa: Kamata ya yi tsaiko ta zo gaba, baƙuwar ta biyo baya. Ban gamsu ba. Amma tunda ta shiga takarda, ka tabbata ka rubuta ta daidai, kuma ka turo mini in gani kafin ka miƙa.